Sifaniyar da Sorolla ya zana, da wadda ya bari a waje

A 1911 wani attajirin Amurka, Archer Huntington, ya ba mai zane ɗan Sifaniya, Joaquín Sorolla, kwangilar zana Sifaniya don ƙawata cibiyarsa, Hispanic Society of America, da ke New York. Aikin ya kai 1919 kafin ya kammala: manyan zane-zane 14, tsayinsu kimanin mita uku da rabi, idan aka jera su kuma sun kusa mita 70.

Gwaninta dai babu gardama a kanta. Inda nake da magana shi ne zaɓin da ya yi.

Biyar daga cikin 14 na yankin Andalus ne kaɗai: 'yan rawa a Sevilla, masu wasa da bijimai, masu jerin gwanon ibada na makon Ista, makiyaya a kan dawaki suna kora bijimai, sai masuntan kifin tuna a Ayamonte. Kataloniya, wadda masaƙunta ke tufatar da ƙasar a lokacin, kasuwar kifi a bakin teku aka ba ta. Yankin Basque mai masana'antun ƙarfe na Bilbao kuwa, 'yan ƙauye ne suna wasan ƙwallon katako. Ko bututun hayaƙin masana'anta ɗaya bai samu gurbi ba.

Mafi girma a cikin zane-zanen, na yankin Kastil, mai faɗin kusan mita 14, ya nuna bikin burodi. Haɗi ne. Sorolla ya zaga garuruwa irin su Lagartera, ya sayi tufafin gargajiya da kayan ado, ya zana mutane daban-daban, sannan ya tara su a fili guda, da ganuwar Ávila da gine-ginen birnin Toledo a bayansu. Waɗannan mutane ba su taɓa tsayuwa wuri ɗaya ba, kuma kayan da ke jikinsu na ranar biki ne, ba na zuwa gona ba.

A nan ake yin tuntuɓe. Idan aka rataye kayan biki a bango aka ce ga rayuwar yau da kullum, a hankali har masu ƙasar sukan fara kallon kansu da idon baƙo. Gwamnatin Janar Franco, mai mulkin kama-karya a Sifaniya, ta ci moriyar wannan a shekarun 1960, inda ta riƙa tallata rawar flamenco da bijimai ga 'yan yawon buɗe ido a matsayin fuskar ƙasa baki ɗaya. Ba kowa ya yarda ba: a 2010 majalisar Kataloniya ta haramta wasan bijimai, kotun tsarin mulki ta soke haramcin a 2016, amma har yau ba a koma yin sa a Barcelona ba.