Sadakar Ukun Durumi a Agege

A wani lungu na Zangon Agege, can bayan layin dogo, akwai wani tsohon durumi wanda mutum uku ba sa iya zagaye gindinsa da hannuwansu. A ƙarƙashinsa mai shayi yake kafa teburinsa, wanzami ya shimfiɗa buzunsa, dillalan goro kuma su kwance huhu suna yayyafa masa ruwa. Ranar wata Litinin aka wayi gari an shafa masa jan fenti, ranar Alhamis da dare aka ji kukan zarto mai inji, da asubar Juma'a kuwa babu abin da ya rage sai kututture mai zubar da farin ƙaro kamar nono. Da aka kwana uku, mazauna gindinsa suka hallara kamar yadda suka saba, kowa ya zauna daidai inda yake zama, rana tana dukan ƙeyarsa, mai shayi yana miƙa wa kowa kofi da yankan burodi.

Bakano: Jama'a, ni aka yi wa wannan mutuwa, saboda haka ni ya kamata ku yi wa ta'aziyya. Kakana ne ya saro reshen wannan bishiya daga Durumin Iya a birnin Kano, ya riƙo shi a jirgin ƙasa ba da daɗewa ba bayan layin dogo ya haɗa Kano da Ikko a 1912, yana tafe yana jiƙa shi da ruwan butarsa, har ya kafa shi a nan ranar da ya sayi huhun goronsa na farko.

Bazazzagi: Alhaji, ka ji tsoron Allah, ko da yake na san ciniki ya hana ka zuwa makaranta. Jirgin da ya taso daga Kano dole ne ya tsaya a Zariya, kuma a can aka ɗora reshen, domin tun da aka kafa Dala ba a taɓa jin Bakanon da ya zuba ruwan butarsa a kan abin da ba zai sayar ba.

Bakano: Malam, da reshen daga Zazzau ya fito, ai da bishiyar ta yi tsawo babu inuwa, kamar rawaninka.

Baba Bayarabe, wanda ya shekara arba'in yana karɓar kuɗin haya a hannun Hausawa har Hausa ta zauna a bakinsa, ya gyara zama ya ce shi bai san wanda ya dasa ba, amma ya san a filin ubansa aka dasa, kuma babu wanda ya taɓa biyan ko kwabo na hayar inuwa.

Bagobiri: Yi shiru, bawana, manya suna magana. Da kai ɗa ne na kirki, da ka kwanta a gaban zarto ka ce sai dai a fara da kai. Shekara nawa kana barcin rana a kan wannan benci, baki buɗe, tsuntsaye suna yi maka sadaka daga sama?

Bayarabe: Kai da na sayo kakanka da ƙwarya ɗaya ta goro, ina kake a daren? Na ga ƙurarka ta nufi Mile 12 tun zarto bai gama tari ba.

Suna cikin haka sai ga wani Baƙauye da buhu a ka, sabon sauka daga motar shanu, yana riƙe da wata takarda da gumi ya jiƙa. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

Baƙauye: Iyayena, don Allah ina ne gindin durumi? Yayana wanzami ne, ya aiko mini cewa idan na sauka a Agege kada in tambayi lambar gida ko sunan titi, in ce gindin durumi kawai, ko yaron goye zai nuna mini.

Bazazzagi: Samari, ai a kansa kake tsaye.

Yaron ya ɗaga kai ya dubi sama, bai ga komai ba sai wayar lantarki da wata shirwa tana shawagi. Ya sauke buhunsa a hankali ya zauna a kai, ya rungume aljihunsa da hannu biyu.

Baƙauye: Tun a gida an gargaɗe ni cewa a Ikko ana sayar wa mutum gidan da babu shi, amma ban zaci dattawa masu furfura za su nuna mini bishiyar da babu ita ba.

Bayarabe: Ɗana, kwantar da hankalinka, haka garin yake. Ka ji ana cewa Idi-Araba, inda 'yan'uwanku suke da yawa kusa da asibitin koyarwa? Da Yarbanci ma'anarsa gindin rimi. Nan kusa da mu akwai Idi-Mangoro, wato gindin mangwaro, kuma kullum yaran danfo suna rataye a ƙofa suna kiran sunan har muryarsu ta dushe, amma ka je da sanda ka kaɗo mini ɗanye ɗaya in biya ka kuɗin motarka ta komawa. Ga kuma Pen Cinema, inda muka yi samartaka muna kallon fim ɗin Indiya. Silimar ta daɗe da mutuwa, a 2021 aka buɗe gadar sama a wurin, ita ma gadar da sunan silimar ake kiranta.

Baƙauye: Ashe a nan garin idan ana so suna ya daɗe sai a fara kashe mai sunan?

Babu wanda ya ba shi amsa, domin a daidai lokacin wata baƙar mota ta tsaya, Ɗan Kwangila ya fito da hular kwano a kansa, ko da yake babu abin da ya rage a sama da zai faɗo masa. Ya warware wata doguwar takarda a kan teburin mai shayi, ya danne gefenta da gwangwanin madara.

Ɗan Kwangila: Ranku ya daɗe, na ji an ce ranku ya ɓaci, shi ya sa na zo da kaina in nuna muku cewa ba mu manta da tarihi ba. Ga benen da za mu gina, hawa uku, shago sittin, kuma sunan durumin nan za mu rubuta a goshinsa da fitila mai walƙiya. A bakin ƙofa za mu kafa bishiyar roba da aka yi odarta daga Sin, wadda ba ta zubar da ganye, ba ta tara jemage, saiwarta kuma ba ta fasa kwata.

Bagobiri: Tana da inuwa?

Ɗan Kwangila: Inuwa tana cikin shago, Baba, ga wanda ya biya hayar shekara biyu.

Bazazzagi ya ajiye kofinsa, ya gyara rawani, wanda duk mai zama wurin ya san alama ce ta za a sha karatu.

Bazazzagi: Yaro, ba kai ka fara ba, kuma ba ka kai waɗanda suka riga ka gwaninta ba. A tsibirin Legas, kusa da dandalin Tinubu, akwai wani gida da ake kira Ilojo Bar, wanda aka gina a 1855 da salon ginin mutanen da suka dawo daga Barazil. Tun 1956, kafin a sami 'yancin kai, hukuma ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa waɗanda doka ta hana a taɓa. Ranar 11 ga Satumba 2016, jajiberin Babbar Sallah, mutane suna can suna cinikin rago, katafila ta shiga ta mayar da shi tarin ƙasa. Gidan da yake da takardar gwamnati ke nan, balle durumin da ba shi da shaida sai wanzami da mai shayi.

Bakano: Wannan aikin mutanen kurmi ne. Mu a Kano ta Dabo mun san darajar abin da kakanni suka bari.

Bazazzagi: Haka ne, Alhaji, shi ya sa a 2010 kuka rushe Ƙofar Na'isa don a faɗaɗa titi, kuka sāke gina ta da siminti, kuna nuna wa baƙi kuna cewa ta shekara ɗaruruwa.

Ni da nake gefe ina shan shayina na lura cewa tun da baƙar motar ta tsaya kukan Bakano ya ragu, ya koma jan carbi da sauri yana kallon ƙasa. Ruwa ba ya tsami banza. Ɗan Kwangila ya naɗe takardarsa, har ya juya zai tafi, sai ya dafa goshi kamar wanda ya tuna wani abu.

Ɗan Kwangila: Af, Alhaji, saura kaɗan in manta. Ga rasit ɗin shaguna biyun da ka kama a hawan ƙasa, masu kallon titi. Yarana kuma sun ce har yanzu akwai cikon kuɗin itacen da ka saya, mota uku ne ba biyu ba.

Wurin ya yi tsit, har ana jin tafasar ruwan shayi.

Bagobiri: Alhaji, kakan naka ka saya a mota uku?

Bakano: Ku saurara, jama'a, kada ku yanke hukunci cikin fushi. Da na bar shi, bare ne zai saye shi ya wulaƙanta shi. Na ga gara gawar ta zauna a hannun dangi. Ganyen na ba masu raguna, kuma Allah ya sani ban ci ribar kirki ba, domin sun san ina cikin makoki suka taya da arha.

Bazazzagi: Itacen fa?

Mai shayi, wanda tun safe bai ce uffan ba, ya goge wuƙarsa a gefen zane, ya ce shi dai ya ga an sauke tsofaffin rassan da suka bushe a gidan burodin da yake sarowa, kuma burodin yau ya fi na kullum gasuwa.

Bazazzagi ya dubi yankan da ke hannunsa, irin burodin nan na Agege mai nauyi da danƙo, wanda ya riga ya cinye rabinsa. Ya daɗe yana kallonsa, leɓensa yana motsi kamar mai addu'a, sa'an nan ya tsoma shi a shayi ya kai baki, ya ce barin sauran almubazzaranci ne, kuma mamacin da kansa ba zai so haka ba.

Baƙauye: Iyayena, ni dai yayana nake nema.

Bayarabe: Ya koma ƙarƙashin gada, inda inuwar siminti ba ta da mai sarewa. Ka tafi silimar da babu silima, ka tambayi wanzamin gindin durumi, kowa ya san shi.

Yaron ya ɗauki buhunsa ya tafi yana waiwaye. Rana ta take tsaka, gumi ya fara ɗiga daga gemun Bagobiri zuwa cikin kofinsa, Baba Bayarabe ya ɗora hularsa a kan fuska, amma babu wanda ya yarda ya tashi daga wurin zamansa na shekara talatin. Nan ne Bakano ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin benci, ya yanke igiyarsa, sai ga laimomi dozin biyu sababbi fil, waɗanda ya saro a Idumota tun ranar Litinin ɗin da aka shafa jan fenti.

Bakano: Ba sayarwa nake yi ba, domin ku 'yan'uwa ne kuma muna cikin rashi. Haya ce, naira ɗari biyu awa ɗaya.

Bazazzagi: Miƙo ɗaya, Allah ya isa.

Bakano: Kai naka ɗari uku ne, Malam, rawaninka ya fi na kowa cin inuwa.