Kafin a tafa wa Trump, a tambayi mutanen Wisconsin

Tun da Trump ya yi barazanar ɗora wa Apple harajin kashi 25 cikin ɗari a watan Mayun 2025 in har ba su mayar da haɗa iPhone Amurka ba, sai yabonsa ake a Facebook, wai ga shugaban da ya san yadda ake sama wa matasa aiki. Wallahi abin nan yana ƙona min rai, kamar ba a gabanmu aka yi na jihar Wisconsin ta Amurka ba.

A 2017 shi dai wannan Trump ɗin ya tsaya da Terry Gou, mai kamfanin Foxconn da ke haɗa wa Apple iPhone, aka ce za a zuba dala biliyan 10 a ɗauki ma'aikata 13,000 su riƙa ƙera manyan allunan talabijin, gwamnan Wisconsin na lokacin Scott Walker kuma ya yi alƙawarin tallafin kusan dala biliyan 3. A garin Mount Pleasant aka tashi mutane daga gidajensu da gonakinsu, ƙaramar hukuma ta ciwo bashi ta shimfiɗa tituna ta ja bututun ruwa, aka zo aza harsashi da shebur mai ruwan zinare ana ta ɗaukar hoto. To ina aikin? A 2021 aka sake rubuta yarjejeniyar, jarin ya dawo dala miliyan 672, ma'aikata 1,454.

Kuma ba ɓoyayyen abu ba ne, irin wannan allon sai da masana'antar gilashi a maƙwabta, kamfanin gilashi na Corning ya ce shi ma sai an ba shi nasa tallafin, magana ta mutu a nan. A Zhengzhou ta China da Foxconn ke da ma'aikata wajen 200,000 masu haɗa iPhone, mai batir da mai noti da mai kwali duk suna kusa, ga ƙwararrun hannu da aka shekara da shekaru ana horarwa. Haraji ba ya haifar da wannan cikin dare ɗaya, farashin waya kawai zai tayar.

Masu cewa ai ko aiki ɗaya aka samu riba ce, ba gidansu aka rushe ba.

Ni dai a ganina kar a tashi kowa, kar a ciwo bashin kwabo, sai an ga injin yana juyawa ma'aikaci ya karɓi albashin farko. Gwamnoninmu masu zuwa China su sa hannu a takarda su dawo da labarin dubban ayyuka, su fara kai wuta Sharaɗa da Bompai tukuna.