Kundin waƙar da aka raɗa wa sunan ramin tama

A yankin Pilbara, can yammacin Ostareliya, akwai wata katafariyar mahaƙar tama da ake kira Hope Downs. Kamfanin Rio Tinto ke tafiyar da ita tare da Hancock Prospecting na Gina Rinehart, wadda ta fi kowa dukiya a ƙasar. Sunan wannan rami ne samari biyar na birnin Melbourne suka raɗa wa kundin waƙoƙinsu na farko, wanda ya fito a watan Yunin 2018.

Ƙungiyar ita ce Rolling Blackouts Coastal Fever. Kusan harkar gida ce: Tom Russo da Joe Russo 'yan gida ɗaya ne, Fran Keaney da Joe White kuma 'ya'yan 'yan'uwa ne, sai Marcel Tussie a kan ganguna. Uku daga cikinsu kowa da jitarsa, kowa yana rubuta waƙa yana kuma rerawa, babu wani sarkin kiɗa da sauran ke yi wa amshi. Tun 2013 suke tare, amma sai da suka shekara biyar, suka gwada kansu da ƙananan fayafai biyu, kafin Sub Pop na birnin Siyatul a Amurka, kamfanin da ya fitar da kundin farko na ƙungiyar mawaƙan Nirvana a 1989, ya saki wannan. Waƙoƙi goma ne, sauraronsu duka bai kai minti 40 ba.

Wanda bai jin Turanci zai ɗauka kiɗan nishaɗi ne kawai. Ganga tana gudu ba tsayawa, jita uku suna ta saƙa kamar zare a hannun masaƙi. Sai ka kasa kunne ga baitocin za ka gane ba abin murna ake faɗa ba.

Waƙar da ta fi tsaya mini ita ce Mainland. Tom Russo ya je hutu tsibiran da ke arewa da tsibirin Sisili na Italiya, inda kakanninsa suka fito, yana shan iska a bakin ruwa yana karanta labarin 'yan ci-rani da ke nutsewa a wannan teku ɗin dai, Bahar Rum. Mu ba sai an yi mana bayani ba. Mun san motocin da ke tashi daga Agadas su ratsa hamada zuwa Libiya, mun san gidajen da har yau ake jiran kiran waya.

Za a iya cewa, to me ya ƙara? Bature ya ci ya ƙoshi, ya yi waƙa da wahalar wasu, ya sayar, ya koma gida. Ban raina wannan suka ba. Waƙar ba ta tsamo ko mutum ɗaya daga ruwa ba. Ƙasar mawaƙin ma, a shekarar da suka kafa ƙungiyar, ta yanke cewa duk wanda ya iso ta jirgin ruwa ba biza ba zai zauna cikinta ba, ta riƙa kwashe su zuwa tsibiran Nauru da Manus.

Duk da haka ina ganin ya yi abin da ya dace da shi. Bai ari bakin wanda ke cikin kwalekwale ya ci masa albasa ba. Ya tsaya a inda yake, a kan yashi, ya yarda cewa ƙaddarar wurin haihuwa ce kawai ta raba shi da su. Kakanninsa ma ai teku suka ƙetare daga Italiya suka je Ostareliya neman abinci, sai dai su an buɗe musu ƙofa. Na fi yarda da mai wannan magana a kan mawaƙin da zai kai ziyarar yini ɗaya sansanin 'yan gudun hijira da masu ɗaukar hoto biye da shi.

Aibin kundin, in za a faɗi gaskiya, shi ne daga tsakiya waƙoƙin sukan so su yi kama da juna, gudun gangar kusan iri ɗaya. Nakan saurari uku na farko, in maimaita ta ukun, wato Mainland, sannan in bar sauran sai wata rana.