Kafin ka ɗaga wa yaro hannu a kan kuɗin waya

Ina zaune a shago cikin babbar kasuwar Maradi takardar kuɗin waya ta wata ta iso. Layuka huɗu nake biya wa a ƙarshen kowane wata: nawa, na uwargida, na yaron shago, da na babban ɗana mai shekara 15. Na san abin da na saba biya. Wannan karon sai ga ƙarin jika 47, wato sefa dubu 47, kuma duk a kan layin ɗan nawa.

Raina ya ɓaci ƙwarai, don jika 47 a wannan zamani kuɗin hatsi ne da cefanen kwanaki. Allah ya taimake ni aka kira azahar, na yi salla kafin in nufi gida.

Ga abin da ya faru. Cikin hutu ya je Katsina bikin ɗiyar gwaggonsa, ya yi kwana 6. Tun da mota ta wuce Ɗan Isa ta nufi Jibiya, wayarsa ta saki rezon gida ta kama na Najeriya da kanta. Shi ne abin da ake kira romin: kamfanin can ya karɓi layinka a matsayin baƙo, ya nemi kuɗinsa wurin kamfaninka, kamfaninka ya ɗora maka da farashin da ba na gida ba. Megan intanet da ke cikin forfe ɗinmu, wato tsarin da muke biya duk wata, ba su bi shi can ba. Shi kuwa yaro koneksiyo a buɗe, WhatsApp na sauko da bidiyoyin biki ba tare da ya taɓa ba, ga TikTok da daddare, yana barci ma wayar na ta sabunta kayan cikinta.

Na ce masa, ba su turo maka saƙo ba da ka tsallaka? Ya ce, "Baba, sun turo, dogo ne da Faransanci, na ɗauka talla ce irin wadda suke turowa kullum." Ƙaramin harafin R da ya fito kusa da sandunan rezo ma ya gani, bai san ma'anarsa ba.

Abokaina biyu a kasuwa sun ce in ƙwace wayar, ɗaya har ya ce a zane shi ya ji a jikinsa. Ban yarda ba, kuma dalilina nake so iyaye su duba. Wane ɗan Maradi ne ke ɗaukar Katsina ƙasar waje? Kakanninmu daga can suka taso bayan jihadi suka kafa garin nan, sarkinmu har gobe Sarkin Katsina ake ce masa. Yaron nan ya tashi yana ganin zuwa Katsina kamar zuwa Tasawa ne, har Katsina ta fi kusa. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, dangi ɗaya. Iyakar da idonsa bai gani ba, wayar ta gani, kuma ni da na sa masa waya a hannu ban taɓa zaunar da shi na faɗa masa haka ba. Na gargaɗe shi kan ɓarayi a tasha, na gargaɗe shi kan abokan banza. Wannan na bari. In na doke shi, sai dai ya koyi ɓoye mini abu gobe.

Amma ban ce masa ya tafi babu komai ba. Ya karanta Faransanci a lakwal, saƙon nan ya kamata ya karanta. Na shimfiɗa takardar gabansa, muka bi ta layi-layi, ya ga abin da dare ɗaya ya ci. Muka yi magana zai biya jika 15 da aikinsa, duk Asabar a shago har ta cika. Saura nawa ne.

Na je ofishin kamfanin kuma. Sun karɓe ni da mutunci amma ba su rage ko dala ba, sai dai sun yarda in biya sau biyu, suka rufe romin a layin yaron. Abin da ke mini ciwo shi ne, layin da ake biya ƙarshen wata ba ya tsayawa. Da kiredi yake sakawa, da kuɗin sun ƙare tun a Jibiya ya gane. Me zai hana su dakatar da layi in ya kai wani adadi, su tambayi mai biya, su kuma turo saƙon da Hausa?

A ƙarshen 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka sa hannu a Yamai kan cire kuɗin romin a tsakaninsu, kuma na yaba. Sai dai mu mutanen Maradi sau nawa muke zuwa Bamako? Kano da Katsina muke zuwa, wasu duk mako. Mutanen ƙauyukan Madarumfa da ke bakin iyaka ma, suna cikin gonarsu waya ke iya kama rezon ƙetare. Su da mu ya kamata a duba.

Daren nan na tara yaran gidan duka har da ƙanana, na sa shi da kansa ya nuna musu inda ake kashe koneksiyon ƙasar waje, da inda ake hana waya zaɓen rezo da kanta. Mamansu ta miƙo tata ta ce, "Gyara mini ni ma, wata mai zuwa zan je Kano."