Wane sassauci ne a yanke wa yaro ɗan shekara tara hukuncin kora daga ƙasarsa?

Marubucin wani labari da na karanta ya ce tura ɓarayi da Ingila ta riƙa yi zuwa Ostareliya a da sassauci ne tunda ya fi rataya, ni kam wannan magana ta tsaya min a rai. Ku duba John Hudson, yaro mai share bututun hayaƙin gidaje a Landan. Yana ɗan shekara tara aka gurfanar da shi a kotun Old Bailey a 1783 saboda ya shiga wani gida ya ɗauki riga da safa da ƴan tarkace, aka yanke masa hukuncin kora daga ƙasar na shekara bakwai. Sai da ya yi shekaru a tsare kafin a saka shi cikin jiragen ruwa 11 da suka bar Ingila a 1787, suka isa Ostareliya a Janairun 1788 bayan wata takwas a teku. Kuma ko wa'adi ya cika, talaka ina zai samo kuɗin jirgin komawa gida? Wani ɗan'uwa ya rubuta a sharhi cewa ɓarawo ɓarawo ne; ba na musun laifi, amma labarin ya tsallake abu biyu. Kafin Ostareliya Amurka ake kai masu laifin, ana sayar da aikinsu ga masu gonakin taba a Maryland da Virginia, yaƙin neman ƴancin Amurka ne ya toshe wannan hanya. Sannan mutum kusan 162,000 da aka kwashe har 1868 a ƙasar ƴan asalin Ostareliya aka sauke su, ba da yardar masu ƙasar ba. Wa ya bi wa ƴan asalin kadin ƙasar da aka ƙwace musu?