Hannun Kuloci Mai Lamba Shida

Allah ya yi ni da gajerun yatsu, kuma tun ranar da na sayi babur ɗina ƙirar Bajaj Boxer nake fama da hannun kuloci, domin kafin in kamo shi sai na ware tafin hannu kamar mai awon taƙi. Duk ranar da na faɗa cunkoson shataletalen Dandima a nan Sakkwato, inda mutum ke kama kuloci yana saki ba adadi, nakan isa gida Mabera hannuna na hagu yana zogi. Saboda haka da na ga wani ɗan kabu-kabu da jajayen hannuwan birki da kuloci na alminiyum, kowanne da ɗan faifai mai lamba 1 zuwa 6 wanda ake murzawa domin a kusanto da hannun ko a nisanta shi, ban yi barci ba sai da na mallaki irinsu.

Mai shagon kayan babur ya nuna mini bakanike a maƙwabtansa. Na dubi kayan, na ga aikin bai wuce noti biyu da waya biyu ba, na tuna cewa ni malamin lissafi ne, sai na ce masa ya bar shi kawai.

Ranar Asabar da safe na shigar da babur tsakar gida, na shimfiɗa buhu, na jera sifana mai lamba 10 da filaya. Cire tsofaffin bai ba ni wahala ba: na sassauta madaidaicin waya, na jera tsagoginsa, na zare ɗan gudan ƙarfen da ke bakin wayar daga raminsa, na kwance notin da hannun ke juyawa a kansa. Wajen ɗaurawa ne na ga hannun yana ɗan wasa kafin ya fara jan waya, ni kuwa ban sayi sabon kaya domin ya riƙa lilo ba, saboda haka na ɗaure wayar birkin gaba tamau har ta zama kamar tsirkiyar gurmi. Kuloci kuma na murza faifansa zuwa lambar da ta fi kawo shi kusa da yatsuna. Da na gama sai na tarar da wani ɗan zoben ƙarfe ya yi saura a kan buhu. Na yanke hukuncin cewa kyauta ce masu kamfani suka ƙara, na jefa shi aljihu.

Na hau, na buga kiki, na kama kuloci da yatsu biyu cikin ƙasaita, na taka giya. Abin da lissafina bai hango ba shi ne hannun da aka kawo kusa sosai yakan taɓa mariƙi tun bai gama jan waya ba, wato kuloci bai rabu ba ke nan. Babur ya yi tsalle irin na ɗan akuya, ya nufi randar ruwan da ke gindin dogon yaro, ya fasa ta gida biyu, sannan ya mutu. Uwargida ta fito daga madafi da ludayi a hannu, ta dubi ruwan sanyinta yana bin ƙasa a tsakiyar watan Afrilu, ta ce, “Malam, gyara kaka yi ko rushe gida?”

Na ce gwaji ne. Na mayar da faifan baya, giya ta shiga lafiya, na fice kafin ta samo tambaya ta biyu.

Ban yi nisa ba na ji babur yana nishi kamar jakin da aka yi wa lodin albasa. Na zagi masu sayar da fetur a zuciyata, na ƙara murza totur. Wani ɗan kabu-kabu ya wuce ni yana cewa fitilar birkina a kunne take, na ɗaga masa hannu kamar da gangan na kunna. Wajen Gawon Nama ƙauri ya fara dukan hancina, da na tsaya na tofa yawu a cibiyar tayar gaba sai ya yi cuuu kamar an jefa ƙosai a mai. Ashe tun daga gida birkin gaba a kame yake, injin yana ja, birki yana hanawa, ni kuma ina tsakiya ina zargin fetur.

Tura babur mai kamammiyar taya a ranar Sakkwato, lokacin da zafi ke haura maki 40, aiki ne da ba zan yi wa maƙiyina fatansa ba. Kuma babu bakanike mafi kusa sai wanda na raina jiya.

Ya latsa hannun birki, ya dube ni, ya ce, “Malam, wa ya ɗaura maka wanga abu?” Na ce wani yaro ne a unguwarmu. Ya ce lallai yaron bai da tausayi. Ya bayyana mini, yaran shagonsa suna saurare, cewa wasan nan da na kashe dole ne a bar shi, kamar milimita 2 zuwa 3 a gindin hannun, idan ba haka ba birki ya riƙa cin kansa, kuloci kuma ya riƙa sulɓewa. Fitila kuwa hannun ne bai koma mazauninsa ya danne ɗan makunninta ba. Sai ya girgiza hannun kuloci ya ji yana kwaf-kwaf, ya ce akwai ɗan zobe da ke shiga ramin noti, ko yaron ya yar da shi? Hannuna ya riga hankalina shiga aljihu. Na miƙa masa zoben, shagon ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan ƙaramin yaronsa ya ruga bayan shago domin ya yi dariyarsa cikin ladabi.

Na biya ladan ɗaurawar da na guje wa, na biya kuɗin abin birkin da ya ƙone, na sayi sabuwar randa. Hannuwan dai suna aiki, kuma yatsuna sun huta a lamba 4. Sai dai ƙaramin ɗana ya gano cewa faifan yana yin ƙas-ƙas idan an murza shi, saboda haka kullum da safe sai na duba lamba kafin in buga kiki, uwargida kuma ta mayar da randarta bayan madafi.