Le Havre: Masu ceton ne suka yi ɓarnar

Duk shekara in Turawa sun taru tuna Yaƙin Duniya na Biyu ba ka cika jin sunan Le Havre ba, garin nan na bakin teku a arewacin Faransa, ni kuma a ganina dalilin a fili yake, bama-baman da suka rusa shi ba na Hitler ba ne, na Birtaniya ne, wato waɗanda suka zo ceton Faransawan.

Ran 5 ga Satumba 1944 jiragen Birtaniya suka yi wa tsakiyar garin ruwan wuta, gidaje da shaguna da coci-coci, alhali yawancin sojojin Jamus suna can gefen gari cikin ramukansu na kankare. Washegari suka dawo. Jama'a suka ruga cikin ramin Jenner da ake haƙawa ƙarƙashin tudu, bam ya toshe bakin ramin, mutum 319 suka mutu a ciki, iska ta ƙare musu. Kafin Jamusawa su miƙa wuya ran 12 ga wata fararen hula wajen 2,000 sun tafi.

To abin da ya fi ci min rai shi ne kwamandan Jamus na garin, Wildermuth, ya nemi a tsagaita na kwana biyu a kwashe mutanen gari, Janar Crocker na Birtaniya ya ce a'a. Za ka ji masu kare shi suna cewa ai yaƙi ne, ana bukatar tashar jiragen ruwa da gaggawa don shigo da mai da abinci, kuma shi Wildermuth ɗin ba don Allah ya nema ba, lokaci yake son ci. Na yarda, ba waliyyi ba ne. Amma tashar da ake wa wannan gaggawar fa Jamusawa sun lalata ta kafin su miƙa wuya, sai a Oktoba ta fara aiki, to kwana biyun nan me zai rage?

Wani hafsan Birtaniya, William Douglas-Home, ya ce shi kam ba da shi ba a harin Le Havre, kotun soja ta ɗaure shi shekara guda. Sai ga shi watan Satumban bai ƙare ba an zo garin Calais, a wannan gaɓar tekun dai, sojojin Kanada suka yarda aka tsagaita wuta, mutanen gari wajen 20,000 suka fice da ƙunshin kayansu, sannan aka ci garin, yaƙin kuma bai tsaya ba saboda haka.